Darasi na Bakwai: Baƙo a Ƙasar Manoma

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda shekarar manomi take juyawa, da abin da kowane lokaci yake nufi ga mazaunin ƙauye;
2. faɗin matakan da baƙo zai bi idan ya sauka a garin manoma da niyyar zama;
3. bambanta aro da haya da jingina da saye a sha'anin gona;
4. kare kansa da iyalinsa daga cututtukan da suka fi yawa a wuraren noma.

Gabatarwa

Da wuya a rasa wani a wannan aji wanda bai san mutumin da zama ya kai ƙauye ba bayan ya saba da birni. Wani malamin makaranta ne aka yi masa canjin wurin aiki. Wata ma'aikaciyar asibiti ce aka tura ta ƙaramin asibitin karkara. Wani ya yi ritaya, ya karɓi kuɗin sallamarsa ya ce noma zai koma. Wata kuwa aure ne ya kai ta. Ga 'yan bautar ƙasa, ga kuma 'yan ci-rani da suke saukowa daga arewa, har daga Damagaram da Maraɗi, su yi wata uku ko huɗu suna aiki sannan su koma kafin shuka.

Cikin waɗannan akwai wanda ba ya rufa shekara sai ya tattara komatsansa, yana cewa mutanen ƙauye ba su da daɗin zama. Akwai kuma wanda bayan shekara uku an ba shi gona, an ba shi mata, ana kiransa wurin sulhu. Galibi abin da ya raba su biyun shi ne sani. Na biyun ya gane cewa a garin manoma gona ce take tsara lokaci, mutane kuma su ne jari, ya bi da su a haka. Wannan shi ne abin da za mu koya yau.

Wurin da za mu ɗauki misali

Za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Kura da Garun Malam da Bunkure a Jihar Kano. Wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Zariya, ba zai yi awa guda a mota ba zai fara ganin gonakin yankin dama da hagu. Abin da ya fito da sunan wurin shi ne ruwa. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Daga can aka ja manyan magudanai, suka rarrabu zuwa ƙanana, ruwa yana gangarowa da kansa har bakin gona ba tare da inji ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce take kula da aikin. A Kadawa kuma akwai tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Saboda haka mutanen wannan yanki noma biyu suke yi, na damina da na rani. Da damina shinkafa ce da masara da dawa da gero da wake. Da rani kuwa tumatir ne da albasa da alkama da attarugu. Sauran ƙauyukan ƙasar Hausa da ba su da ruwan rani noma ɗaya suke yi, amma ladubban zama da dokokin gona kusan duk ɗaya ne, ko a Funtuwa kake, ko a Gumel, ko a Tasawa.

Shekarar manomi

Mutumin birni yana lissafi da ƙarshen wata, ranar da albashi yake shiga. Manomi da ruwan sama yake lissafi. A ƙasar Kano ruwan shekara gaba ɗaya yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Abin da gida zai ci shekara guda a cikin waɗannan watanni ake nemansa, shi ya sa kwana uku na damina sun fi wata guda na rani tsada a wurin manomi.

Da bazara, lokacin da zafi ya tsananta, ake sharar gona, a ƙone abin da ya kamata, a kai taki a kan jaki ko amalanke a zuba tsibi-tsibi. Wasu sukan yi binne, wato su shuka gero a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Ranar da aka yi ruwan shuka, gari yakan zama kamar an yi shara. Mai sungumi yana gaba yana sara, yara suna biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Bayan mako biyu ko uku sai noman firi, sannan maimai, sannan huɗa. Masu shinkafa kuma suna cikin taɓo har gwiwa suna dashe.

Ka tsaya bakin gari da sanyin safiyar wata rana a watan Yuli ka gani. Ana sallame sallar asuba mutane za su fara fita, fartanya a kafaɗa, wani a kan keke, wani yana kora shanun huɗa da garma a bayansu. Kafin rana ta ɗaga ba ka jin komai a gari sai ƙarar daka da carar zakara. Wajen hantsi 'yan mata za su fito da ƙwarya a ka, sun nufi gona da fura ko ɗumamen tuwo. Sai an yi azahar masu gona za su fara dawowa, ƙafafu duk laka, kowa da damin ciyawa saboda awaki. Baƙon da ya kira taro da ƙarfe goma na safe a irin wannan rana, shi da kujeru zai zauna. Wanda ya san gari sai ya bari sai bayan la'asar, ko bayan sallar Juma'a.

Watan Agusta shi ne lokacin marka, kuma shi ne lokacin da rumbu yake yin ƙasa. Tsohon hatsi ya kusa ƙarewa, sabo bai nuna ba, farashi ya hau. Gidan da ka ga suna tuwo sau biyu da rani, yanzu wataƙila sau ɗaya ne. Ba za su faɗa maka ba, domin talauci a ƙauye rufe shi ake yi. Mai hankali ba ya matsa wa wanda yake bi bashi a wannan wata, ba ya kuma ɗora wa iyaye karo-karo.

Gero ne yake fara kawo sauƙi, domin cikin kwana 90 ko kusa da haka yake nuna. Idan ka ga yara suna gasa tumu, kaka ta ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nan sai masara, sai cirar gyaɗa, sai roron wake, sai yankan shinkafa, dawa ce take zuwa ƙarshe wajen Nuwamba da Disamba. Kaka lokacin biyan bashi ne, lokacin aure da gyaran ɗaki da sayen sutura. Lokacin fitar da zakka ne kuma. Idan amfani ya kai nisabi, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar na injin ban-ruwa, ɗaya cikin ashirin.

A ƙauyukan da ba ruwa, da an gama kaka samari sai ci-rani. A ƙasar Kura kuwa sabon aiki ne yake farawa. Ana shuka alkama idan sanyi ya shigo, wajen Nuwamba, a yanke ta wajen Maris. Ana dasa tumatir da albasa fangali-fangali, ana kwana ana tsaron layin ruwa. Shi ya sa yankin yake karɓar baƙi a daidai lokacin da wasu garuruwa suke sallamar nasu 'ya'yan.

Ƙofar shiga gari

Kowane gari yana da masu shi. A ƙasa akwai mai unguwa, sama da shi dagaci, sannan hakimi, sannan sarki. Akwai liman, akwai sarkin noma, a wasu wuraren akwai sarkin kasuwa da arɗon Fulani. Baƙon da zai zauna, abu na farko shi ne ya sami wanda zai kai shi wurin mai unguwa. Ba ya zuwa shi kaɗai, domin mai kai shi shi ne shaidarsa. Ga misalin yadda abin yake gudana. Shugaban makaranta ya ɗauki sabon malaminsa bayan la'asar, sun tarar da mai unguwa a zaure. Suka cire takalma, suka yi sallama, suka durƙusa.

“Ranka ya daɗe, baƙo na kawo maka. Sabon malaminmu ne, daga birni aka turo shi.”

“Madalla. Malam, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya ka baro mutanen gida?”

“Lafiya lau, Baba, suna gaishe ku.”

“Muna amsawa. Da iyali ka zo, ko kai kaɗai ne?”

“Ni kaɗai ne tukuna. In na sami wuri zan ɗauko su.”

“Wuri ba zai gagara ba, in sha Allahu. Sai dai ka yi haƙuri da mu, ka zo mana a tsakiyar aiki. In ka ga yara sun yi ƙaranci a aji, kada ka ɗauka raini ne. Ka faɗa mini, ni zan yi wa iyayensu magana.”

Wannan zama bai kai minti ashirin ba, amma dubi abin da ya haifar. Kafin isha'i gari ya san ko wane ne baƙon da abin da ya kawo shi. An fara nema masa ɗaki. Ranar da wani abu ya same shi, akwai wanda zai ce nasa ne. Tambayoyin da aka yi masa kuma ba bin diddigi ba ne na banza: mai unguwa shi ake tambaya idan baƙo ya yi ɓarna, dole ya san wanda ya kwana a unguwarsa, balle a wannan zamani da tsaro ya zama abin damuwa. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

Zaman tare

A birni kana iya shekara ba ka san sunan maƙwabcinka ba. A ƙauye wanda ya wuce mutane bai gaishe su ba, kafin dare an sa masa suna. Gaisuwa tana bin lokaci da aiki. Ka tarar da mutum a duƙe, ka ce “Barka da aiki.” An yi ruwa da dare, ka ce “Ya ruwa?” a amsa maka “Ruwa ya yi gyara.” Dattijo ana rage tsawo a gaishe shi, a kira shi Baba ko Malam ko Alhaji, ba a kama sunansa gatsau.

Abu uku ne ake auna baƙo da su: jana'iza da suna da ɗaurin aure. Cikinsu jana'iza ta fi nauyi. Idan aka yi rasuwa ana ajiye fartanya ko da ranar shuka ce, kuma ana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Duba marar lafiya ma haka.

Namiji baƙo iyakarsa zaure. Ya yi sallama ya jira, ko ya aiki yaro. Mace kuwa tana shiga, kuma ita ce ta fi saurin sanin gari, domin rabin kasuwancin ƙauye a cikin gidaje yake. A nan ake yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da daddawa. A ƙasar Kura mata da yawa sana'arsu turara shanshera, su shanya, a kai inji a casa. Amaryar da aka kawo daga birni ta shiga adashi, ta riƙa zuwa barka da biki, ta riƙe abin da aka kawo mata domin ta mayar ranar da biki ya taso wa mai shi. Idan an aiko mata da kwanon tuwo, kada kwanon ya koma wayam.

Akwai abu guda da yake kashe wa baƙo kasuwa nan take, wato yawan cewa “mu a birni ba haka muke yi ba.” Mutumin da yake noma gonar da kakansa ya noma ya san inda ruwa yake kwanciya da inda ƙuduji yake fitowa, ya san irin da yake jure fari. Ko kana da takardar shaidar ilimin noma, shekarar farko ta tambaya ce. In kana da sabuwar dabara, yi ta a gonarka. Idan ta yi kyau, su da kansu za su zo su tambaye ka, domin gani ya kori ji.

Yadda ake samun gona

Ba gonar da ba ta da mai ita, ko da ka gan ta saura ce ta shekara goma. Yawancin gonaki na gado ne, kuma sau da yawa magada ba su raba ba. Baƙo yana samun gona ta ɗaya daga cikin hanyoyi huɗu.

Aro shi ne a ba ka ka noma ba da kuɗi ba. Da kaka sai ka kai wa mai gona wani abu na godiya. Gonar aro ba a dasa mata itace, ba a yi mata gini, domin yin haka alama ce ta neman mallaka. Itatuwan da ka tarar, kamar ɗorawa da mangwaro, 'ya'yansu na mai gona ne sai in ya ce ya bar maka.

Haya ita ce ka biya kuɗi na damina ɗaya ko rani ɗaya. Ita ta fi yawa a wuraren noman rani. Kafin ka biya, ka je ka ga gonar da idonka, ka tambayi maƙwabta ko ruwa yana isa can. Gonar da take ƙarshen magudana takan sha ƙishi idan na gaba sun tare ruwa. Ka kuma tambayi kuɗin ruwa da aikin yashe magudana, waɗanda ƙungiyar masu amfani da ruwa take tsarawa, a kan wa suke.

Jingina ita ce mai gona ya karɓi kuɗinka ya bar maka gonar a hannu har ranar da ya dawo da su. Tana yawan jawo rigima, malamai da yawa kuma suna gargaɗi a kan cin amfanin gonar da aka riƙe saboda bashi. Ka nemi fatawa kafin ka shiga.

Saye shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Ka tabbata duk magada sun yarda, har mata da waɗanda suke nesa. A taka iyaka a gaban maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, a nuna gamba ko aguwa ko dutsen da aka sa shaida. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa da dagaci su sani. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe ƙasar karkara. Wanda ya sayi babbar gona ya nemi wannan takarda. A kula da burtali da mashaya da maƙabarta, waɗannan na jama'a ne, ba wanda yake da ikon sayar maka da su.

Aiki da kasuwa

Tun da can gandu ne yake noma, wato uba da 'ya'yansa a gona ɗaya, kowane ɗa kuma da gayaunarsa. Ana kuma yin gayya, mutum ya kira jama'a su taya shi, ya ciyar da su. Baƙo ba shi da gandu, gayya kuma ta yi ƙaranci, saboda haka 'yan ƙwadago zai nema. Ana ɗaukarsu ko dai da yini, daga safe zuwa azahar, ko da jinga, wato a yi cinikin aikin gaba ɗaya. A yanke magana kafin a sa fartanya, har da batun abinci. A biya ranar da aka gama. Wanda ya yi suna da jan kuɗin ma'aikata, ranar da ciyawa ta kama gonarsa ba zai sami kowa ba. Noman aike kuma, wato ka zauna a birni kana turo kuɗi ta waya, shi ya fi cinye jarin sababbin manoma.

Farashi yana da ƙa'idarsa. Da kaka hatsi yana araha domin kowa yana sayarwa, da damina yana tsada domin kowa yana saye. Ma'aikacin da ya sayi abincin shekara da kaka ya huta. A Kano akan lissafa buhun hatsi a kwano 40, amma awo yana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, sai ka tsaya a auna a gabanka. Wake yana saurin yin ƙwari. Buhu mai ciki uku da ake ɗaurewa iska ba ta shiga yana kashe ƙwarin ba tare da an zuba magani ba.

Kayan gwari kuwa ba su san ajiya ba. Ka je kasuwar Kwanar Gafan tsakanin Janairu da Maris ka ga kwandunan tumatir jere, ana lodin motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. Ranar da kaya suka yi yawa, kuɗin kwando ba ya mayar da kuɗin tsinka da na mota, sai a yanka a shanya a yi kauɗa. A 2016 kuma wata tsutsa da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, wasu ba su tsinki ko kwando ɗaya ba. Saboda haka tsofaffin manoma ba sa zuba jarinsu duka a abu guda. Sabon shiga ya fara da kaɗan, ya haɗa abin ci da abin sayarwa, ya riƙa neman malamin gona idan ya ga baƙuwar cuta.

Manomi da makiyayi

Da an kwashe amfani, shanu sukan shigo su ci kara su bar taki, kuma tun kaka da kakanni haka ake yi, kowa yana ƙaruwa da ɗan'uwansa. Rigima tana tashi ne idan an nome burtali, ko shanu sun shigo kafin a gama kwashewa. Idan an yi maka ɓarna, kada ka taɓa dabba, kada ka taɓa yaron da yake kiwo. Ka kira shaidu su gani, ka kai magana wurin mai unguwa, shi zai nemi arɗo a ƙiyasta ɓarnar a biya. Kai ma idan kana da awaki, da an yi shuka sai ka ɗaure su har a gama kaka.

Lafiya

Inda ruwa yake kwanciya, sauro yana nan damina da rani. Gidan sauro ya zama wajibi ga kowa a gida. A watannin damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, a karɓa a kuma cika adadin.

Bayan zazzaɓin sauro, cuta ta biyu ita ce tsargiya. Ƙwayarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon-koɗi na cikin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna ɗaukarsa alamar balaga ga yaro, alhali cuta ce da take lalata mafitsara idan ta daɗe, kuma tana da magani a asibiti. A hana yara iyo a magudana, ga haɗarin nutsewa ma. Ruwan sha a ɗebo daga burtsatse ko rijiya mai murfi, in an rasa a tafasa.

Maciji ya fi yawa lokacin sharar gona da lokacin girbi, a ƙarƙashin dami da tarin kara. A sa takalmi mai rufi, a riƙe tocila da dare. Idan ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Mai feshin maganin ƙwari ya rufe hanci da jiki, ya juya wa iska baya, ya yi wanka kafin ya ci abinci. Jarkar magani ba a mayar da ita ta ruwan sha ko ta mai, komai wankin da aka yi mata.

Tun makon farko baƙo ya san inda asibiti mafi kusa yake, ya karɓi lambar mai mota ko mai babur da zai iya tasa da tsakar dare. Mai juna biyu ta shirya wannan tun kafin watanta ya kama, domin da marka wata hanyar ba ta biyuwa.

Kalmomin da za a riƙe

Binne: shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka.
Firi: noman farko bayan shuka ta fito.
Marka: ruwan da yake yini yana zuba a tsakiyar damina.
Shanshera: shinkafar da ba a casa ba.
Fangali: ɗan yankin gonar rani da aka kewaye da kunya domin ya riƙe ruwa.
Burtali: hanyar dabbobi tsakanin gonaki.
Jinga: cinikin aiki gaba ɗaya a kan kuɗi sananne.

Tambayoyi

1. Me ya sa bai dace a kira taro da hantsi a watan Yuli ba? Wane lokaci ya fi?
2. Kawo amfani uku da baƙo yake samu idan an kai shi wurin mai unguwa.
3. Mene ne bambancin aro da haya? Me ya sa ba a dasa itace a gonar aro?
4. Manomi ya sami dami 70 na dawa a gonar damina, kuma ya kai nisabi. Dami nawa zai fitar na zakka?
5. Gida yana cin kwano 2 na hatsi kullum. Idan buhu kwano 40 ne, buhu nawa zai ishe su kwana 180?
6. Faɗi abubuwa uku da ba a yi wa wanda maciji ya sara.

Aikin gida

Ka nemi dattijon manomi a unguwarku, ka tambaye shi ayyukan gona daga sharar gona zuwa rumbu, ka rubuta su a jere tare da watan da ake yin kowanne. Sannan ku haɗu biyu-biyu ku rubuta takardar hayar gona ta rani ɗaya, wadda ta ƙunshi iyakoki da kuɗi da ranar ƙarewa da wurin sa hannun shaidu. Za mu karanta su a aji mako mai zuwa.

Kammalawa

Zaman ƙauye yana da wahalarsa. Wutar lantarki ba tabbas, asibiti da nisa, hanya takan yanke, sirrinka kuma ba ya kwana. Yana da daɗinsa kuma: haya da sauƙi, abinci daga gona, ga mutanen da za su tsaya maka ranar da ka rasa kowa. Ɗalibi, idan zama ya kai ka garin manoma, ka fara da gidan mai unguwa, ka koyi watannin gona, ka je jana'iza, kada ka biya kuɗin gona sai ka taka iyakarta da shaidu, ka kuma ba kanka damina ɗaya cikakkiya kana kallo kana tambaya kafin ka zuba jarinka.